Laraba, 13 ga Nuwamba: Rumbu, Wake da Akurki

Da asuba iska ta juyo daga arewa maso gabas, busasshiya, har leɓe ya fara tsagewa. Hunturu na bakin ƙofa. Saura kamar mako biyu a yanke dawa, shi ya sa muka fara da rumbu.

Tun ranar Asabar aka kwaɓa ƙasar yaɓe: jar ƙasa baro huɗu, ramno kwando guda, da ɗan kashin shanu. Kullum ana yayyafa mata ruwa a tattake. Kwanakin nan huɗu su ke sa ciyawar ta yi laushi, ƙasar ta yi danƙo. Wanda ya kwaɓa da safe ya yaɓa da rana, kafin mako ya zagayo bangon ya tsattsage, ƙwari kuwa a tsaga suke ɓuya. Mun kwashe ragowar zangarniyar bara tas, domin tsohon hatsi ke kai wa sabo ƙwari. Muka share ciki, muka kankare hanyar gara a kan duwatsun da rumbun ke zaune, muka jiƙa kowace tsaga kafin a cusa mata ƙasa. In ba a jiƙa ba, tsohon bango zai zuƙe ruwan sabon yaɓe, ya ɓamɓare. Kaurin yatsa ya isa. Na jingina zana ta ɓangaren iska don ya bushe a hankali. Toka da busasshen ganyen darbejiya sai ranar zuba dammuna.

Bayan azahar sai wake. Kwana uku yana shanye a kan tamfol. Na ciji ƙwaya ta fashe ƙas, ba ta lotsa ba. Na ƙara da gwajin gishiri: wake cikin busasshiyar kwalba, gishiri cokali guda, a girgiza. Gishirin bai manne a jikin kwalbar ba, waken ya bushe ke nan. Sai da ya huce a inuwa muka zuba, don wake mai zafi gumi yake yi a cikin leda.

Buhun PICS muka sa, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. A fara hura kowace leda a matse, a ji ko tana tsiyayar da iska. Ɗaya ta huje, muka ajiye ta gefe. A zuba, a girgiza, a matse iskar, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda su ne ke zuwa suna cewa buhun ƙarya ne. A ɗora kan katako, nesa da bango, saboda ɓera.

Harawa tana kan rufin ɗaki an danne ta da itace. Tarin kara kuma mun matsar da shi daga wajen murhu, aka share ciyawa taku biyar kewaye da shi. Gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Akurki na bar wa yamma. Na toshe gefen gabas da buhunan siminti, na bar tagar yamma a buɗe, don in aka rufe ruf warin kashi ke sa wa kaji mura. Cutar Newcastle a wannan lokacin take share kaji gida-gida, kuma ba ta da magani in ta kama. Malamin dabbobi zai zo Juma'a da rigakafi, ɗigo ɗaya a ido ga kowace kaza, har 'yan tsaki. Kafin nan, duk kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu.

Injin ban ruwa bai samu shiga ba yau. Tsohon fetur ya kwana a kafireto tun damina, sai an wanke shi gobe, a sauya baƙin mai da fulogi.