Daga Yiwu zuwa Guangzhou a Makon Kirsimeti

Ranar 20 ga Disamba na sauka Yiwu, sanyi na ratsa ƙashi. Daga wannan gari na lardin Zhejiang a ƙasar Sin mafi yawan kayan adon Kirsimeti na duniya ke fitowa, amma wanda ya zo a Disamba don ganin hada-hadarsu ya makara. A kasuwar Futian, sashe na ɗaya, hawa na uku, ga shaguna jere: bishiyoyin roba, jajayen huluna masu farin baki, ƙwallaye masu ƙyalli, igiyoyin fitilu. Masu saye kuwa sai ɗai-ɗai.

Kakar wannan ciniki daga Maris zuwa Agusta take. Masana'anta na buƙatar makonni, jirgin ruwa ya ci fiye da wata guda kafin Legas ko Tema, ga kuma fitar da kaya a tashar ruwa. Wanda ya ba da oda a ƙarshen Oktoba, sai an watse biki kayansa za su iso, kuɗinsa su kwanta shekara guda. Abin da ke rataye a shago samfur ne, ciniki katan-katan ake yi. Yawanci kashi 30 cikin ɗari ake ba da kafin alƙalami, ragowar idan kaya sun haɗu, kuma kada a biya ta sai an buɗe katan an gwada. A fitilu aka fi tafka asara: akwai masu ɗaukar wuta 110 da ake yi wa Amurka, akwai masu 220 irin tamu, na farkon da an jona su a wutarmu sun ƙone. A duba bakin fulogin ma. Ƙwallayen ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuɗin kwantena kuma da girman wuri ake lissafa shi.

Washegari aka yi Dongzhi, ranar da dare ya fi tsawo a shekara. Wannan kam na gida ne. Masu masaukina suka dafa tangyuan, 'yan curin garin shinkafa mai danƙo da baƙin riɗi a ciki, tsoho da yaro kowa da kwanonsa. Ban ga Kirsimeti ya shiga gida haka ba ko sau ɗaya a wannan tafiya.

Jirgin ƙasa mai sauri ya kai ni Guangzhou cikin wajen awa bakwai. Da fasfo ake yankan tikiti, da shi ake shiga.

Daren 24 ga wata Sinawa ke kira Ping'an Ye, wato daren salama. Sunan tuffa a harshensu pingguo ne, farkonsa ya yi amo ɗaya da kalmar salama, shi ya sa ake kyautar tuffa a wannan dare, al'adar da a nan aka haife ta. A titin Beijing da ke Guangzhou na tsaya gaban wata mai talla: kowace tuffa ɗaya a ɗan kwalinta, an ɗaure da jan zare, wasu an buga musu rubutun fatan alheri a jikin ɓawon. Kuɗinta ya ninka na kasuwa sau da yawa, ɗalibai kuwa sai saye suke. Manyan shagunan unguwar Tianhe sun kafa bishiyoyi masu tsayin bene, samari da 'yan mata na ɗaukar hoto, gidajen abinci sun cika. Ga yawancinsu dare ne na masoya da rangwamen kaya, ba su haɗa shi da haihuwar Annabi Isa ba.

A titin Yide abin ya sha bamban. Cocin Katolika na nan da dutse zalla aka gina shi, aka kammala a 1888, mutanen gari na ce masa Shishi, gidan dutse. 'Yan Afirka mazauna birnin ma suna halarta. Masu ibada sun zo da wuri, 'yan kallo sun cika titi, 'yan sanda na tsara layi. A ciki tsofaffi na rera waƙoƙi ido a rufe, kuma natsuwarsu ta taɓa ni ƙwarai. Alƙaluman gwamnati na 2018 sun ce akwai 'yan Furotesta miliyan 38 da Katolika miliyan 6 a faɗin ƙasar, ban da masu taruwa a gidaje ba rajista, waɗanda su ne suka fi shan matsi.

Akwai kuma masu ƙyamar bikin a matsayin baƙuwar al'ada. A 2006 ɗaliban digirin digirgir goma suka fitar da takardar kiran a guje shi, a 2014 hukumar ilimi ta birnin Wenzhou ta hana shi a makarantu, a 2018 birnin Langfang ya hana sayar da kayan adonsa a tituna.

Da safiyar 25 jirgin ƙarƙashin ƙasa ya cika maƙil da ma'aikata, yara sun tafi makaranta, bankuna a buɗe, domin ba ranar hutu ba ce. Mai son hutun sai ya tsallaka Hong Kong, tafiyar awa guda a jirgi, ko Makau. Na koma titin Beijing da hantsi, na tarar mai tallar nan ta cire tuffar daga kwalaye, ta zuba a kwando, tana sayarwa a kan sikeli.