Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rigar Malam

Makon jiya na tsaya a inda waya ta same ni a Kaduna, Yaya yana cewa jikin Malam, mahaifinmu, ya yi tsanani, in taho. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, lokacin da yake wannan maganar an riga an rufe wa Malam ido. Na san haka ake yi, ba a faɗa wa matafiyi rasuwa kai tsaye. Na sani, amma sanin bai hana ni riƙe shi a zuci shekara uku ba.

Watan Oktoba ne na 2020, ko wata guda ba a yi da rasuwar Sarkin Zazzau Shehu Idris ba. Malam kan ce shekarar da aka naɗa Sarki, 1975, ita ce shekarar da ya auro Innarmu, ga shi kuma sun bi juna. A lokacin ana aikin hanyar Kaduna zuwa Zariya, tafiyar awa ɗaya ta ci mini kusan uku. Ina shigowa ta Ƙofar Doka gabana yana faɗuwa. Da na isa Kwarbai sai na tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa.

Na ce, "Yaya, ko awa ɗaya ba za ku jira ni ba?"

Ya ce, "Auta, gawa ba ta jira. Kai ma ka sani."

Ba ɗakinmu ɗaya da Yaya ba. Shi ɗan Hajiya ne, uwargida, ni kuwa ɗan amarya, kuma duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san yadda ƙaramar magana ke zama babba. A kunnena abin da ya faɗa ya zama: kai wane ne da za a jira ka.

Malam maɗinki ne, na hannu, ba na keke ba. Yana da wata babbar riga ta saƙi mai aska takwas, shi ya ɗinka abarsa, ba ya sa ta sai ranar hawan Sallah. Da idonsa ya fara rauni ni nake zama kusa da shi a zaure ina zura masa zare a allura, kuma a nan ya ce mini, ba sau ɗaya ba, rigar nan tawa ce. Bayan sadakar arba'in malamai suka zauna rabon gado. Aka fitar wa iyayenmu mata tumuninsu suka raba, aka ba namiji rabon mace biyu, gonar Dakace ma ba a yi gardama a kanta ba. Da na tayar da maganar riga sai aka tambaye ni shaida. Ba ni da shi. Wani dattijo ya ƙara da cewa ai babu wasiyya ga magaji. Aka yi mata kuɗi, ta faɗa rabon Yaya, ya naɗe ta ya kai ɗakinsa. Ko kallona bai yi ba.

Inna tana gama takaba, wata huɗu da kwana goma, na ɗauke ta muka koma Kaduna.

Gwaggo ta biyo ni har can da tsufanta. Ta ce, "Ɗan nan, me ubanku yake cewa kullum?" Na yi shiru. Zumunta a ƙafa take, shi ne abin da yake cewa. Kuma ba a baki ya tsaya ba, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya taka daga cikin birni har Tudun Wada ya gaishe ta, ko ana ruwa. Na san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ni da na karanta shi a gaban Malam, na mai da kwana uku shekara uku. Wannan ina jin kunyarsa har gobe.

Sallah ta zo ta wuce sau nawa, ban taka Zariya ba. Yaya ya aurar da 'yarsa ta fari, na aika da kuɗi ta hannun direba. Kuɗi ba ƙafa ba ne.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, aka ce rufin babban masallacin fada ya rufto kan mutane ana sallar la'asar. Masallacin nan da Babban Gwani ya gina tun wajejen 1830, wanda Malam ya riƙa kai mu muna yara. Yaya ba ya sallar la'asar a ko'ina sai can. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Ban san lokacin da na shiga mota ba, ko hula ban ɗauka ba.

Bayan isha'i na same shi zaune a zauren Malam, kaftaninsa ya yi butu-butu da ƙasa, hannunsa duk ya kuje wajen tono mutane. Ya ɗaga kai ya ce, "Auta, ka zo?" Na durƙusa na riƙe gwiwarsa, kuka ya hana ni gaisuwa.

A daren nan ya faɗa mini cewa Malam da bakinsa ya ce kada a jinkirta shi saboda kowa, ko da shi Yayan ne ba ya gari. Na ce me ya hana shi faɗa mini tun ranar. Ya ce, "Ka tsaya ka ji ne?"

Rigar tana nan cikin adaka a ɗakinsa. Ban tambaya ba, shi ma bai tayar ba. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da na mai da Inna gidan, da abin da Hajiya ta ce mata a bakin ƙofa.