Landan zuwa Paris: yawancin tafiyar a ƙasa ake yinta

Tsakanin Landan da Paris kimanin kilomita 340 ne idan aka miƙe layi, kusan nisan Kano da Abuja ke nan ta sama. A tikitina na jirgin sama an rubuta awa ɗaya da 'yan mintuna, amma wannan lissafin kamfanin jirgi ne, ba na fasinja ba.

Daga unguwar King's Cross na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, muka yi ta tsaye-tsaye tasha bayan tasha, sai da muka cinye kusan awa guda kafin mu isa filin jirgin sama na Heathrow. Nan kuma ana son mutum ya zo awa biyu kafin tashi. Aka yi layin bincike, aka cire bel, aka duba fasfo da biza. Mai fasfon Najeriya ya sani, bizar Birtaniya ba ta shigar da shi Faransa, sai ya nemi ta Shengen daban, wato bizar bai-ɗaya ta galibin ƙasashen Turai, domin Birtaniya ba ta taɓa shiga wannan tsari ba, tun ma kafin ta fice daga Tarayyar Turai a 2020.

Saman kuwa ƙiftawa da bismillah ne. Jirgin bai gama hawa sosai ba aka fara sanar da shirin sauka, ma'aikata na ta sauri da keken shayi. Ina gefen taga, na leƙa na ga tekun da ya raba Ingila da Faransa, jiragen ruwa na dakon kaya a jere a kansa. A inda ya fi tsukewa, wajen Dover da Calais, bai wuce kilomita 34 ba. Nan Bafaranshe Louis Blériot ya tsallaka da ɗan jirginsa na sama a watan Yulin 1909, cikin minti talatin da 'yan kai. A 1919 aka fara jigilar fasinja kullum tsakanin biranen biyu, ana shafe wajen awa biyu da rabi a sama, ana kuma ganin abin al'ajabi ne.

Mun sauka a filin Charles de Gaulle, wanda ke can arewa maso gabashin birnin. Jirgin ya daɗe yana gangarawa kafin ya tsaya, sannan ga wani layin fasfo, ga jirgin ƙasa na RER B da ya kai ni tashar Gare du Nord cikin kusan rabin awa. Agogon Paris kuma yana gaban na Landan da awa ɗaya. La'asar ta riske ni ban yi azahar ba, na haɗa su a masauki na yi ƙasaru.

Da zan koma sai na bi jirgin ƙasa na Eurostar. Daga Gare du Nord zuwa tashar St Pancras da ke Landan awa biyu ne da kusan minti ashirin, tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, ta ramin nan mai kilomita 50 da aka buɗe a 1994, mafi yawansa a ƙarƙashin teku. Jami'an ƙasashen biyu suna duba fasfo tun kafin a hau. Ni dai a ganina, in Paris ɗin ce inda za ka, wannan ya fi. Jirgin sama ya fi dacewa da irin bawan Allahn da muka zauna tare a zuwa, wanda Paris zango ce kawai a wurinsa, zai sauya jirgi ya wuce Legas.