Wasiƙa daga Gwangjo: kafin a soka wa Inna allurar Sin

Assalamu alaikum ƴan uwana na Tawa da ƙauyukan Adar, da waɗanda neman abinci ya zaunar a Yamai. Ina gaishe ku daga Gwangjo ta ƙasar Sin, inda nake shekara ta shida ina haɗa wa ƴan kasuwarmu kaya.

Makon jiya ƙanena ya turo mini murya ta WhatsApp, wai in saka masa kwalin alluran nan na maganin gargajiyar Sin, waɗanda ake kafawa a jiki ba tare da ruwan magani ba, cikin kaya, ya ga yadda ake yi a bidiyo, zai riƙa soka wa Inna a gwiwa. Shi ne na uku da ya roƙe ni haka bana, shi ya sa na ga gara in ba da amsa a fili.

Bara kafaɗata ta riƙe saboda ɗaukar kwalaye. Wani abokin aiki ya kai ni wani ɗan shago mai araha na masu soka wannan allura. Alluran sirara ne, kaurinsu bai kai rabin milimita ba, ana barinsu a jiki minti 20 zuwa 30. Akwai nauyi da tsami da ake ji a wurin, masu sana'ar suna kiransa "deci", har na yi dariya na ce su ma sun san ɗaci. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗan taruwar jini ƙarƙashin fata ma yakan baje da kansa.

Amma wadda mai shagon ya soka mini kusa da gwiwar hannu daban take. Sai na ji kamar lantarki ya ja ni har ƙaramin yatsa. Na yi shiru. Kun san mu: wanda ya tashi yana ganin wanzami na kafa ƙaho bai kamata a ji shi yana raki kan allura ba. Yatsuna biyu suka yi sanyi, suna mini kamar tafiyar kiyashi, ni kuwa ina ta cewa ciwon ne ke fita, magani ne ke aiki. Sai da na kwashe mako uku maɓallin riga na gagara ta kafin na je asibiti. Likita ya ce jijiya aka taɓa, kuma da na yi magana nan take an zare allurar, da abin bai kai haka ba. Sai bayan wata ɗaya da rabi hannun ya dawo daidai.

Ba ina kushe maganin ba ne. A Jamus an bi diddigin mutum 229,230 da likitoci suka yi wa wannan allura, aka fitar da sakamakon a 2009: kashi 8.6 cikin ɗari sun ga wata illa, mafi yawa ɗan jini ko taruwarsa ƙarƙashin fata, kashi 2.2 kawai suka buƙaci magani. Mutum biyu allura ta huda musu huhu. To ku lura, wannan a hannun waɗanda suka karanci jikin mutum ke nan. A saman kafaɗa da tsakanin haƙarƙari huhu na nan dab da fata, musamman ga siririn mutum. Wanda aka soka wa a nan, ya ji numfashi na sarƙewa ko ƙirji na sukarsa, ko tari ya taso masa, kada ya jira gari ya waye, a kai shi asibiti. Haka in wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya tara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maimaita allura. Mu mutane ne masu tattali, na san ba za a jefar da ita bayan suka ɗaya ba, za a goge da alkol a ajiye wa na gaba. Ta haka ciwon hanta nau'in B ke bi gida gida, ga shi dama yana da yawa a ƙasarmu. Duk wanda zai yi muku, ku sa ido ya yage ledar sabuwa a gabanku. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara.

Tun 1976 tawagogin likitocin Sin ke zuwa aiki Nijar, kuma suna nan a babban asibitin Referans na Yamai. Mai son wannan magani ya fara tambaya can.

Kai kuma ƙanena, kayan sun taso. Babu allura a ciki, sai abin ɗaure gwiwa guda biyu. Na aika da jika talatin ta hannun Yaya, a kai Inna a ɗauki hoton gwiwar tukuna, mu ji abin da likita zai ce. A gaishe ta da jiki, a gaida su Baba.

Ɗan uwanku a Gwangjo.