Sarnat da Baranasi: ranar da igiya ta kusa jefa ni kogi

Jinyar kawu ce ta kai ni Delhi, da jiki ya yi sauƙi likita ya ce sai bayan sati za mu dawo, ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni, kawai na bar shi da ɗansa na hau jirgin ƙasa na dare zuwa Baranasi. Da safe muka sauka. Wallahi hayaniyar garin nan ko Kantin Kwari ranar jajiberin salla albarka, ga hon, ga shanu kwance tsakiyar titi ba mai ce musu tak.

Keke napep na tara zuwa Sarnat, kamar kilomita 10 ne. Nan ne aka ce Buda, wanda ya kafa addinin Buda, ya fara yi wa abokansa 5 wa'azi. Akwai wani ƙaton gini mai kama da rumbu, Damek, tsayinsa ya haura mita 40, a gidan tarihi kuma ga gumakan zakuna 4 na kan ginshiƙin sarki Ashoka, waɗanda Indiya ta mayar tambarinta a 1950, su ne dai a jikin kuɗinsu.

Ina zaune a inuwa ina kallon masu jajayen mayafi suna zagaye ginin, wani dattijo da ya ce malamin makaranta ne ya yi ritaya ya zauna kusa da ni. Na ce Baba wai me mutanen nan suke nema ne? Ya ce prajna. Na ce ilimi kenan? Ya girgiza kai, ya ce a wajen mabiya Buda hawa uku ne, wanda ka ji a bakin malami, wanda ka juya a ranka har ya zauna, sai wanda ka gani da kanka bayan doguwar tarbiyyar zuciya, kuma abun da ake so ka gani shi ne komai gushewa yake. Ni dai ilmul yaƙin da ainul yaƙin na karatun zaure ne suka faɗo min, duk da aƙida ta sha bamban nesa ba kusa ba.

Shi Hindu ne, ya ce su kalmarsu bibeka, wato tantancewa, raba mai dawwama da mai ƙarewa, har a littafin yoga na Patanjali akwai sanin da tantancewa ke haifarwa. Ya ba ni misalin tsuntsun hamsa da ake cewa in an gauraya madara da ruwa madarar kaɗai yake sha. Na ce Baba mu kuma cewa muke mai hankali ke gane furfurar farar tunkiya, ya yi ta dariya har da tari, ya sa na maimaita ya rubuta. Sai ya ƙara da na mutumin da ya ga igiya a duhu ya ɗauka maciji ne, tsoron gaske ne amma macijin babu shi. Na gyaɗa kai irin na gane ɗin nan.

Bayan magariba na gangara bakin kogin Ganga, ina tafe kan matakala da shayi a ɗan kofin ƙasa, kawai na taka wani abu mai sanyi ya motsa. Na kwarma salati na yi tsalle, shayi ya kife a rigata, saura ƙiris in faɗa ruwa. Mai kwalekwale ya hasko tocilan ɗin wayarsa yana dariya, igiyar da ya ɗaure jirginsa ce. Ya ma samu kwastoma, don sai da na zauna a jirgin nasa ƙafafuna suka daina rawa.