Ba Kowane Katun Ne Darasi Ba: Yadda Iyaye Za Su Zaɓa wa Yara Shirin Talabijin

A gidajenmu duk zanen da yake motsi a allo sunansa katun, kuma an ɗauka duk katun na yara ne. Kuskuren daga nan yake farawa. Akwai shirin da aka yi don ya riƙe idon yaro har lokacin talla ya zo, akwai kuma wanda malamai suka zauna suka tsara abin da ɗan shekara huɗu zai tashi da shi bayan minti ashirin da biyar. A ido kamanninsu ɗaya, amma aikinsu a kan yaro ya sha bamban, kuma rarrabewar tana wuyanmu mu iyaye, tunda yaro ba zai iya ba.

Yana da kyau a san yadda ake gina shirin koyarwa na gaskiya, domin wanda ya san ginin ba ya shan wahalar gane jabu. Shirin yara na Sesame Street ya fara fita a tashoshin jama'a na Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969, da kuɗin gwamnati da na gidauniyoyi, ba da kuɗin talla ba. A lokacin, kafin a saki wani sashe, masu bincike sukan zaunar da yara gaban talabijin, su ajiye wani allo a gefe yana sauya hoto kusan duk daƙiƙa bakwai, su riƙa lura da lokacin da yaro ya kau da kai. Wurin da yara suka gudu, sai a gyara shi ko a cire. Bincike na baya ya ƙara nuna cewa abin da yaro yake fahimta shi yake kallo, da zarar magana ta fi ƙarfinsa sai ya koma wasansa. Amfanin talabijin ɗin jama'a ke nan: tunda ba alewa ko lemo ake son sayar wa yaron ba, ana iya tafiya a hankali, a maimaita, a bar shi ya yi tunani.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wajenmu. Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin tun 1964. A Nijeriya kuma NTA ta fara nuna Sesame Square a 2011 da tallafin hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, inda 'yan tsana Kami da Zobi suke koyar da haruffa da ƙirga da tsafta da kwana cikin gidan sauro. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana yin Akili and Me don 'yan shekara 3 zuwa 6, da Ubongo Kids mai koyar da lissafi da kimiyya ga 'yan firamare, kuma akwai na Hausa. Abin da yake damuna shi ne yawancin irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin waje suke tsaye. A 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke tallafa wa tashoshin jama'a na ƙasar. Idan mai bayarwa ya rufe hannu a gidansa, ba sai an faɗa mana abin da zai sami na nesa ba. Tashoshin jihohinmu suna da ɗakin ɗaukar shiri, garuruwanmu suna da malaman firamare da masu tatsuniya, rabin awa na yara da Hausa a kullum bai fi ƙarfinsu ba.

To, yaya za ka auna shiri? Ka kalli kashi ɗaya kai kaɗai daga farko har ƙarshe, ba tare da yaron ba. Idan ya ƙare, ka gwada faɗin abin da aka koyar a jimla ɗaya: yau lamba biyar ce, ko yau wanke hannu ne. In ka kasa, yaro ma zai kasa. Sannan ka duba ko darasin yana cikin labarin ko an liƙa shi ne a gefe. Idan sai an ƙirga kaji biyar kafin a gane ɗaya ta ɓata, ƙirgar ta zama labarin kansa, za ta zauna a kan yaro. Idan kuwa an yi ta guje-guje da doke-doke na minti goma, daga ƙarshe wani ya ce "faɗa ba kyau", to dukan yaro zai ɗauka, nasihar ta bi iska.

Ka lura da shiru kuma. Shiri mai kyau yakan yi tambaya, ya dakata daƙiƙa uku ko huɗu don mai kallo ya amsa. Babba yakan ga kamar ɓata lokaci ne, alhali a wannan ɗan shirun ne yaro yake aiki da kansa. Wanda hoto ke sauyawa kamar walƙiya, ga ihu ga kiɗa ba hutu, yana kafe idon yaro ƙyam, kuma wannan kafewar ce take ruɗar iyaye su ɗauka ana koyo. Mai koyo yana motsi, yana nuna allo da yatsa, yana amsawa, yana waiwayo ya gaya maka abin da ya gani.

Batun yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Jariri yana shan wahalar ɗauko abin da ya gani a allo ya kawo shi duniyar da yake taɓawa. Kalmar da zai koya daga bakin mahaifiyarsa tana yi masa wanka, sai ya ji ta sau da yawa a bidiyo bai riƙe ba. Kuma awa ɗayar nan ta haɗa komai, har da wayar yaya da ta baƙon da ya zo gaisuwa.

Ga masu shekara 3 zuwa 6, shiri biyu sun isa, kashi ɗaya ko biyu a yini, a lokaci tsayayye. Bayan an dawo daga Islamiyya kafin magariba yana dacewa da gidaje da yawa. Kada maimaici ya dame ka. Masu shirin yara na Amurka Blue's Clues da gangan suka riƙa nuna kashi ɗaya kwana biyar a jere, domin sun ga fahimtar yara tana ƙaruwa da kowane kallo. A karon farko labarin yaro yake bi, a na uku ne yake fara riga mai magana faɗin amsa.

Inda ribar take shi ne minti biyar na bayan an kashe. Wani babba ya zauna, ko uwa ko uba ko yaya mai hankali, ko da yana tsince shinkafa ne. In an yi tambaya a allo yaro bai amsa ba, a maimaita masa ita da Hausa. Da an gama, a sauko da darasin ƙasa: in lamba biyar aka yi, a ce ya kawo cokula biyar ko murafen kwalba biyar, yana taɓa kowanne yana ƙirgawa, sannan a tambaye shi, "Duka nawa ke nan?" Wannan tambayar ita ce ma'auni. Yara da yawa suna rera ɗaya zuwa ashirin tiryan-tiryan, amma a ce su miƙo uku sai su damƙo cikin hannu. Waƙar ABC ma haka: haddace ta daban, gane harafi a jikin gwangwanin madara daban. Shi ya sa ga yaron da Hausa yake ji a gida, shirin Hausa ne kan gaba. A na Turanci yana fama da harshe da darasi a lokaci guda, sau da yawa sauti kawai yake kwaikwayo.

Abin da ya fi ɓata tsarin nan waya ce. Shirin tasha yana da ƙarshe, in ya ƙare labarai suka shigo yaro da kansa yake tashi. A YouTube kuwa wani na ƙarewa wani ke farawa, kuma na biyar ba shi da alaƙa da wanda ka zaɓa. Ka kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, ko ka sauke kashi huɗu ko biyar a ajiye, ka kashe data kafin ka miƙa wayar. Wannan yana maganin ɗauke wuta ma. Rigimar kashewa kuma tana raguwa in an faɗa tun farko cewa ɗaya za a kalla, aka kuma bari ya kai ƙarshe. Yankewa a tsakiyar labari ce take jawo birgima.

Sai talabijin ɗin falo da ke kunne tun safe ba mai kallo. Ana ganin ba ruwan yaro da shi, amma yana katse masa wasa, yana kuma rage hirar da manya suke yi da shi, wadda ita ce babbar hanyar koyon magana. Ciyar da yaro da waya a gabansa na sa ya saba ba ya cin abinci sai da ita. Kallon dab da barci na jinkirta barcin, don haka a kashe awa ɗaya kafin kwanciya. A gidan da yara suke da yawa kuma rimot yana hannun babba, ƙaramin yakan ƙare da kallon abin 'yan shekara goma sha biyu. A ba ƙanana rabin awarsu tukuna, manyan su karɓa daga baya.

Bayan mako biyu ka sake aunawa. Ka saurari yaron lokacin da yake wasa shi kaɗai ko da ƙannensa. In kana jin sababbin kalmomi, ko ka ga yana jera takalma yana ƙirgawa, shirin yana aiki, a ci gaba da shi. In abin da ya ƙaru tsalle daga kan kujera ne da naushi da kukan a ba shi waya, a daina wannan shirin a gwada na biyun.