Godiya ga waɗanda suka sauko da mu lafiya da inji ɗaya

Alhamdulillahi. Yau kwana uku ke nan, sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya rubuta wannan.

Ni da mahaifiyata ne a jirgin. Ba mu fi minti goma da tashi ba muka ji wata irin ƙara daga fiffiken hagu, kamar an maka guduma a kan ƙarfe. Jirgin ya girgiza, ya ɗan karkata, ƙauri ya bugi hancinmu. Ko'ina sai salati. Mama ta damƙe hannuna, har yau shatin farcenta bai ɓace ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shirun kyaftin. Minti ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya ce mana uffan. A zuciyata har na zarge shi. Ranka ya daɗe kyaftin, ka yafe min. Daga baya na fahimci ƙa'idar aikinku: a fara riƙe jirgi, sannan a san inda aka dosa, magana sai daga ƙarshe. Ashe cikin shirun nan kana fama ne kada injin da ya rage ya murɗe jirgin gefe, mataimakinka yana karanto matakan gaggawa ɗaya bayan ɗaya, ku biyu kuna tabbatar da wane inji ne ya lalace kafin a yanke masa mai. Wannan tabbatarwa ba ƙaramin abu ba ce. A 1989, a Kegworth ta Ingila, lafiyayyen injin aka kashe bisa kuskure, mutum 47 suka rasu.

Da ka yi magana kuwa, muryarka ko rawa ba ta yi. Ka ce inji ɗaya ya tsaya, ɗayan lafiya lau, za mu koma. Ban san ba a barin jirgi mai inji biyu ya ɗauki fasinja sai an tabbatar yana iya ci gaba da tafiya ya sauka da guda ɗaya ba, ban kuma san kuna maimaita irin wannan hali a na'urar kwaikwayon tuƙi kusan duk wata shida ba.

Sai ke, 'yar'uwa, ma'aikaciyar da ta durƙusa gaban Mama. Kika ce, "Mama, ni za ki kalla, bar kallon taga." Kika ƙara ɗaure mata bel, kika nuna mata yadda za ta sunkuyar da kai idan an ba da umarni, kika nuna min ƙofar da ta fi kusa. Na ga gumi a goshinki, amma murmushinki bai gushe ba. Da ina ɗauka aikinku rabon abinci ne kawai.

Ina kuma gode wa jami'an hasumiyar filin jirgi, masu kula da sauka da tashin jirage, da suka buɗe mana hanya, da 'yan kwana-kwana da muka tarar sun jeru bakin titin jirgi suna jiranmu. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a duk tafiyarku.

Mama ta ce in gaya miki, 'yar'uwa, ta sa ki cikin addu'arta bayan kowace sallah.